Balkisa Magagi, Konseyen Tungar Gawo

Ciwon ido ne ya fara raba Balkisa Magagi da garinsu. Tana ƴar shekara bakwai idanunta suka kumbura suka manne, aka yi tofi aka yi hayaƙi abin bai yi ba. Sai ubanta Magagi ya aza ta bisa jaki daga Tungar Gawo, wani ɗan ƙauye da ke arewa maso gabas da Filingue, ya kawo ta wurin ƙanwarsa da ke aure a cikin gari don a kai ta likita. Ido ya warke, amma yarinya ba ta koma ba. Gwaggonta ba ta da ɗiya, ƴaƴan maƙwabta kuma duk suna zuwa lakwal, wato makarantar boko, sai ita ma aka ɗinka mata riga aka tura ta. Haka ta zama mutum na farko a Tungar Gawo da ya yi karatun boko.

Karatun bai yi nisa ba. Tana kolej gwaggon ta rasu, ta bari. Ta auri Isufu mai gyaran moto, wato babur, wanda ita da kanta ta nuna, ta kafa kaskon ƙosai a bakin tasha. A nan aka san ta. Mace ce doguwa mai murya, in tana ciniki a tasha ana jin ta daga rumfar mahauta. Duk mutumin ƙauyukansu da ya shigo gari da matsala, ko an kama masa sa, ko yaronsa na kwance a likita ba ya jin abin da ake ce masa, wurin kaskonta yake fara tsayawa. Ta bar wa maƙwabciya suyar, ta gyara ɗankwali, ta shige gaba ya bi ta.

Da aka soma zaɓen kwamin, wato ƙaramar hukuma, doka ta ce dole kowace jam'iyya ta sa mata cikin ƴan takararta. Mutanen wata jam'iyya suka zo har tasha suka roƙi sunanta. Suka sa shi can ƙasan jerin sunayen, inda ko jam'iyyar ta cinye gari ba za a kai kanta ba. Ba ta gane ba sai bayan zaɓe. Shekaru ta yi tana dafa musu shinkafar taro, tana tara musu mata, tana rera musu kirari a bayan mota. Da zaɓe ya sake zagayowa suka dawo, ta ce musu ko dai sunanta ya hau sama, ko kuma su nemi wadda za ta kawo musu matan ƙauye. Sun san ba su da wata. A shekarar dubu biyu da goma sha ɗaya Balkisa ta zama konseye, ƴar majalisar kwamin.

Zaman farko, wani dattijo a cikin ƴan majalisa ya juyo ya tambaye ta ko abincin rana ya kusa. Ta ce masa ita ma jira take. Da ta miƙe yin magana da Faransanci harshenta ya harɗe, aka yi dariya ƙasa-ƙasa, sai ta koma Hausarta ta Kurfey, irin ta ƙasar Filingue, ta faɗi abin da ya kawo ta: Tungar Gawo ba ta da lakwal. Aka ce an ji. Zama na gaba ta sake faɗa. Ko maganar harajin kasuwa ake, ko ta gyaran mayanka, in Balkisa ta ɗaga hannu kowa ya san inda za ta sauka. Har suka laƙaba mata Madam Lakwal, tun ana faɗa a bayanta har aka koma faɗa a gabanta, ita kuma tana amsawa.

Sai da ta gajiyar da kowa. Aka fara da rumfar kara da allo guda. Daga baya wata ƙungiya ta zo neman inda za ta gina aji, magajin gari ya ce a ba Madam Lakwal a huta. Aka yi ginin siminti mai rufin kwano, aka kafa sandar tuta a gabansa, aka turo malami, wani saurayi Bazabarme daga wajen Yamai mai suna Yazid, wanda Hausarsa ke ba yara dariya. Ranar buɗewa Isufu ya kai ta bisa moto. Uwarta, Inna Delu, wadda ta tsufa har ta ranƙwafa tun bayan rasuwar Magagi, ta dafa sanda ta zo ta shafa bangon da tafin hannu, ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗa. Balkisa ba ta taɓa jin daɗi irin na wannan rana ba.

Daga nan labarai suka fara gangarowa daga arewa, daga wajen Abala. An kashe maigari a wuri kaza, an kore shanu a wuri kaza. Mutane ba sa kama sunan masu yin abin, sai dai su ce mutanen daji. Gwamnati ta hana hawan moto saboda da shi suke yawo, sana'ar Isufu ta mutu a tsaye, ya tattara ƙarafansa ya tafi Yamai neman abin yi. Balkisa ta koma bin motar kasuwa in za ta gida. A zaɓen ƙarshen dubu biyu da ashirin Tungar Gawo ta sake fitowa ƙwanta da ƙwarƙwata ta zaɓe ta. A lokacin an riga an fara bin konseye-konseye da masu gari har gida a wasu wurare, amma ita tana ganin abin na nesa ne.

Wata Lahadi, ranar kasuwar Filingue, wanta Albarka ya yi sallama a gidanta da hantsi. Manomi ne, shi ke riƙe da gidan ubansu da tsohuwarsu. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta dama hura ta ajiye masa. Bai taɓa ba.

"Yaya, lahiya? Inna fa?"

"Inna lahiya lau take." Ya kalli ƙoƙon. "Sun zaka, Balki."

Ta zauna.

Ya ce ana gama sallar la'asar mutanen daji suka iske su a masallaci. Suka ƙirga shanu suka ware nasu, suka ce zakka ce. Sannan babbansu ya nuna lakwal da bakin bindiga, ya tambayi wanda ya kawo wannan abu garin. Kowa ya sunkuyar da kai. Sai ya yi dariya ya ce ai sun sani, wata ɗiyar garin ce da ke cin tuwo da gwamnati. Ya ce za su dawo, kada su iske malamin, kada su iske tutar.

"Tuta mun sauke ta," in ji Albarka. "Mushe Yazid na yaƙ ƙiya. Ya ce in yab bar aiki ba da izinin manyanshi ba, korar shi za a yi, kuma shi ka ciyar da gidansu. Maigari da dattawa sunka ce in zaka in gaya miki. Ke kinka kawo shi, ke za ki ɗauke muna shi."

"In rufe lakwal? Ni?"

"Akwai ta biyu." Sai a nan ya ɗago ya dube ta. "Sun ce kar ki ƙara zuwa. In anka gan ki, mu za a tambaya."

Albarka ya miƙe, ya ce motar garinsu ba ta jira, ya fita ya bar hurar.

Kashegari tun da safe tana ofishin mai kula da makarantu. Mutumin ya san ta, ya sha ganin ta a wannan kujera tana neman alli da tebura. Ya saurare ta har ta gama, ya cire tabarau ya murje ido. Ya ce ba shi da ikon rufe lakwal, sai ya aika wa manyansa a Tillaberi, kuma irin wannan magana tana zuwar musu daga ko'ina, kowace sai an duba. Ta tambaye shi yaushe. Ya buɗe hannuwa. Ta koma jibi, ta koma gata, har mai gadi ya daina tambayar ta wurin wa ta zo.

Da majalisa ta zauna ta ɗaga hannu. Wani ya yi murmushi ya ce to, Madam Lakwal, yau kuma aji na biyu ake nema? Ta miƙe ta dafa tebur.

"Roƙo niz zaka yi. A taimake ni a rufe lakwal ɗin Tungar Gawo, a ɗauke malamin."

Ta ba su labari kamar yadda Albarka ya ba ta. Wani matashi ya buga tebur ya ce in aka rufe an miƙa musu garin ke nan, gara a nemi soja su je. Wasu suka gyaɗa kai. Balkisa ta girgiza kai. Ta san soja in sun je ba za su zauna ba, ƙasar na da faɗi, ƙauyuka na da yawa. Za su yini su juyo, sannan mutanen daji su dawo su tambayi wanda ya kira su.

"Don Allah kar ku yi haka," ta ce. "Uwata na can. Ɗiyanmu na can." Ba ta san lokacin da gwiwoyinta suka kai ƙasa ba. Mace mai shekara arba'in da wani abu, a gaban mutanen da ta yi shekaru tana ja-in-ja da su, ta durƙusa bisa siminti tana roƙon a rushe abin da ta gina. Dattijon nan da ya taɓa tambayar ta abincin rana shi ya taso ya ce mata, "Tashi, ɗiyata, tashi." Majalisa ta yarda ba za a nemi soja ba, za a kuma sa baki a maganar malamin. Amma izini bai zo ba.

A Tungar Gawo waya ba ta kamawa sai an hau tudun yashi. Da ƙyar ta samu Yazid wata rana. Ya ce mata, da Hausarsa da ta ɗan miƙe, yara manya sun kusa jarrabawa, ya sha wahala a kansu, in ya ƙara ƴan makonni zai kawo su Filingue su zauna. Ta ce masa gawa ba ta kai yara jarrabawa. Ta yi masa tsawa, ta lallashe shi, ta rantse masa ita za ta tsaya a kan aikinsa. Ya ce, "Madam, sai na ga izini." Waya ta yanke.

Sai ta aika wa Albarka cewa su yi abin da za su iya. Lahadin da ta biyo, wata amalanke ta tsaya a ƙofar gidanta shaƙe da harawa. Samari suka ɗaga dammunan, sai ga Yazid a ƙasa, ya yi futu-futu da ƙura, sanye da tsohuwar rigar noma ta Albarka. Ƙartin garinsu ne suka shiga ɗakinsa da safe suka ɗauko shi cak. Ya sauko a fusace, ya ce mata ta kashe masa aiki, ya zauna a dakalin ƙofa ya fashe da kuka. Ba a yi sati biyu ba mutanen daji suka koma. Suka tara tebura da littattafai a tsakiyar ajin suka cinna wuta, suka tambayi malami, aka ce ya gudu. Ba su taɓa kowa ba ranar. Daga baya izinin ya iso, aka mai da Yazid wata lakwal a cikin gari. In sun haɗu a hanya yakan gaishe ta da ladabi, amma bai ƙara taka gidanta ba.

Balkisa ta yi biyayya, ba ta je gida ba. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Tana aika wa Inna Delu sabulu da sukari da goro ta hannun masu zuwa kasuwa. Ta yi ta roƙon a kawo mata tsohuwar Filingue, tsohuwa ta ce ita ba ta barin ɗakin da Magagi ya gina mata, wanda ke son ganin ta ya san hanya. Ba wanda ya iya gaya mata dalilin da ya hana ɗiyarta zuwa. Ta ɗauka siyasa ce ta ɗauke mata hankali.

Ana cikin haka aka aiko cewa Inna ta kwanta, ba ta cin komai sai ruwan hura, kuma sunan Balki take kira. Albarka ya haɗa da cewa ta yi haƙuri, ta yi mata addu'a daga nan.

Ba ta yi haƙurin ba. Ran kasuwa da yamma ta cire ƴan kunnenta, ta ɗaura wani koɗaɗɗen zane, ta zurma dogon hijabi ta ja shi har bisa hanci. Ta bar wayarta a gida. Ta je inda tsohuwar motar da ke bin ƙauyukansu take lodi, ta hau baya ta takure tsakanin buhunan gishiri, ta sunkuyar da kai. Mota ta cika da mata da kaya da awaki, ta tashi. Suka bar kwalta suka kama yashi. Gari ya ɓace a baya, gonaki suka miƙe, tana cewa a ranta ko dare ɗaya ne, ta ga Inna, ta juyo da asuba ba wanda ya sani.

Wani hannu ya dafa mata gwiwa.

"Balki."

Saratu ce, ƙawarta tun suna ɗibar ruwa tare kafin ciwon ido, wadda a kowane zaɓe ita ke bi gida-gida tana fito da mata. Ta gane ta da ƙafafu. Balkisa ta kama hannunta ta matse, ta girgiza mata kai. Amma na kusa sun riga sun ji. Magana ta bi motar kamar wutar kara, hira ta mutu.

"Saratu, Inna za ta mutu. In gan ta kawai. Ba mai sani."

"Motar ga duka ta sani." Hawaye na zuba a fuskar Saratu. "Suna da kunne cikinmu, Balki, ba mu san ko wa na ba. In kinka kwana garin, gobe mazanmu za a jera. Ina da ɗiya shida."

Wata tsohuwa ta ce, "Konseye, don girman Allah ki sauka." Wata ta ce ta tuna alherin da ta yi musu, ta ƙara musu da wannan. Ba wadda ta zage ta, ba wadda ta ɗaga murya. Roƙo suke, suna kiran sunan ubanta. Sai wani ya buga rufin mota da tafi, direba ya tsaya.

Balkisa ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ta san kowace, ta san sunayen ƴaƴansu, wasu ita ta raka su likita haihuwa. Ta ciro ƙullin goro da ta saya wa Inna ta miƙa wa Saratu, ta kama ƙarfen mota ta sauka. Mota ta ja. Ta tsaya cikin yashi tana kallon ƙurarta har ta kwanta. Sannan ta zauna a gindin wata aduwa ta yi kuka da ƙarfi, irin kukan da ba ta yi ba tun tana yarinya, ba mai jin ta sai tsuntsaye. Wani mai amalanke da ya makara zuwa gari shi ya tsince ta ya dawo da ita.

Inna Delu ta rasu cikin satin. A waya aka gaya wa Balkisa, bayan an dawo daga maƙabarta. Ta shimfiɗa tabarmi a tsakar gidanta na Filingue, ƴan majalisa da matan tasha suka yi ta zuwa gaisuwa, Isufu ya zo daga Yamai ya yi kwana uku. Duk wanda ya tambaye ta ko tsohuwa ta yi doguwar jinya, sai ta ce haka aka ce.

Da soja suka karɓi mulki, daga baya kuma aka rushe majalisun kwamin, ƴan jam'iyyarsu suka yi ta baƙin ciki, kowa ya kama gabansa. Balkisa kuwa wani ɗan sanyi ta ji. Ta tare Albarka a kasuwa ta ce masa ya gaya wa maigari yanzu ita ba kowa ba ce, ba ta da kujera, ba ta da jam'iyya, a bar ta ta je ta ga kabarin uwarta.

"Mu mun sani," in ji shi. "Su wa za ya gaya musu? Wurinsu ke ta konseye har ki mutu."

A daminar da ta biyo, an yi shuka, hatsi ya fito ya kai gwiwa, mutanen daji suka shiga Tungar Gawo da rana tsaka. An kai musu hari a wani wuri kusa, suka ce daga garin aka tsegunta. Suka harbe mutum biyu a ƙofar masallaci, ɗaya mijin Saratu ne, suka ce kafin Juma'a kada su iske ko kaza.

Balkisa na wanki ta ji hayaniya a waje. Ta leƙa, sai ta ga layinsu ya cika da amalanke da jakuna, tabarmi da tukwane da turame, tsofaffi a zaune bisa kaya, yara sun yi zuru-zuru. Garin ne gaba ɗaya. Ba su san ƙofar kowa a Filingue ba sai tata. Maigari ya sauko da ƙyar, ya tsaya gabanta riƙe da sanda.

"Konseye, ga mu."

Ta so ta ce masa an rushe majalisa. Ta so ta tambaye su ko yanzu ba su tsoron a gan su da ita. Sai ta hango Saratu a can baya, zaune a ƙasa da goyo, ta lulluɓe kai ta ƙi ɗagowa. Balkisa ta ratsa mutane ta je ta kama ta ta tashe ta, ta kai ta ɗakinta. Sannan ta fito ta buɗe ƙyauren gidan duka biyu.

Gidan bai ɗauki ko rabinsu ba. Mata da yara suka cika ɗakuna da zaure da rumfar girki, maza suka kwana a masallacin unguwa. Hatsin da ta ajiye na shekara ya ƙare kafin wata ya mutu. Ta sayar da tumakinta. Ta koma bin ofisoshin da ta sani, sai ta iske fuskoki sababbi, ga kuma mutanen wasu ƙauyuka da suka riga su gudowa sun yi dafifi a kowace ƙofa. Inda duk ta shiga sai a tambaye ta a matsayin wa take magana. Ta ce tsohuwar konseye ce. A ce mata to, Madam, a yi haƙuri, ana nan ana ƙoƙari. Wani ɗan kasuwa da ta taɓa yi wa alheri ya ara musu fili a bayan gari, suka kafa bukkoki da kara da leda. Ruwan sama na farko ya kwashe rabinsu. Yara suka kama zawo, aka binne biyu. Balkisa ta rame har zobenta na faɗuwa, muryarta ta dushe don yawan magana.

Da kaka ta yi, maza suka fara saɗaɗawa gonakinsu biyu-biyu, su yanko abin da tsuntsu da dabba suka rage. Ta hana Albarka, ya ce mata yunwar ma kisa take. Ya je ya dawo da ɗan abin da jaki zai ɗauka, ya sake komawa.

A cikin wannan hali hukuma ta aiko cewa kowane gari da ya gudo ya fid da mutum guda da zai riƙa magana da yawunsa, ta hannunsa za a riƙa ba da taimako. Aka taru a filin, ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Maigari ya ce shi ya tsufa, ƙafarsa ba ta kai shi ofis. Aka dubi Albarka, ya sunkuyar da kai. Aka kira wannan, aka kira wancan, kowa ya kawo uzuri. Dalilin ɗaya ne, ko da ba a faɗa ba: duk wanda aka san shi da shiga ofishin gwamnati, ya yi sallama da gonarsa. A hankali idanu suka fara juyawa wajen mata, inda Balkisa ke zaune a bakin tabarma.

Da safen ranar Isufu ya kira ta. Ya samu ɗaki babba a Yamai, ya ce ta bar wannan wahala haka nan ta taho, ta yi iyakar yinta, jikinta ya gaya mata. Ta ce masa za ta yi tunani, kuma da gaske take, don ta gaji har cikin ƙashi.

"Balki," in ji Albarka, bai iya duban ta ba. "Ke dai kin riga..." Ya kasa ƙarasawa.

"Na riga na rasa hanyar gida," ta ce. "Faɗi, Yaya, ba ƙarya ta ba."

Ta dafa kafaɗar Saratu ta miƙe, gwiwoyinta na ƙara. Ta ce ta karɓa, amma da sharaɗi: duk abin da aka samo a gaban kowa za a raba, kuma mata biyu za su riƙa bin ta, don in ta faɗi a samu wadda ta san ƙofofin. Saratu ta ce ita ce ta farko. Maigari ya ɗaga hannu aka yi fatiha.

Kashegari ta je ta ba da sunanta. Daga nan ta zarce wurin masu kula da ruwa, don filin ba rijiya, mata na tafiya mai nisa su sayo a jarka. Ta yini a kan benci ita da Saratu. Da la'asar wani ma'aikaci ya fito ya ce mai sa hannu ya yi tafiya, su dawo ran Alhamis. Suka fito suka kama hanyar bayan gari a ƙasa. A hanya ta ari wayar wani mai shago, don tata ba kuɗi a ciki, ta kira Isufu ta ce masa zuwanta Yamai ba yanzu ba.